Me yasa garin biredi ke zubewa in na soya kaza, kuma wane salad ne ya dace da ita?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kince kina son ki iya soya tsokar kaza mai garin biredi a gida, irin falen-falen ɗin nan da ake kawowa da salad a gefe, amma in kin gwada sai ɓawon ya saɓule ya zube cikin mai, ko kuma waje yayi baƙi ciki bai dahu ba, sannan kabejin da kika haɗa kafin maigida ya dawo ya tsatso ruwa ya kwanta. Toh duk suna da magani kuma ba sai kin sayi wani inji mai tsada ba. Girki sana'ata ce, na biki da suna da walima, ina kuma koyar da amare, kuma wannan ƙorafin naki kusan duk wadda ta zo min da shi in na bincika sai in tarar matsalar tun a kan katakon yanka ta faro, naman yayi kauri kuma ga ruwa a jikinsa. In kika gyara waɗannan biyun rabin aikin ya ƙare tun kafin ki kunna wuta.

Bari mu fara da kazar kanta. Ta gidan gona zaki nema, buroila ɗin nan da ake sayarwa tana sati 6 zuwa 8. Kazar Hausa tafi daɗi a farfesu da miya wannan babu musu, amma ƙirjinta ba tsoka ga tauri, suyar minti 5 ba zata yi mata komai ba, haka su ma tsofaffin masu ƙwai da ake karyarwa da araha, ki barsu wa tukunyar miya. In kinje wurin masu kaji kice a cire miki tsokar ƙirjin guda biyu daban, a zare fata, sauran ƙashin da wuya da fukafukai ki taho da abinki kar ki bari, romon su zamu zuba a salad ɗin dankalin turawa anjima. Cinya ma tana yi in an zare ƙashi, ni a bakina ma tafi ƙirji daɗi don tana da ɗan kitse bata saurin bushewa, sai dai tafi wuyar daidaitawa, don haka ki fara koyo da ƙirji tukun. In kuma ta firiza kika sayo to ki barta ta saki a hankali a ƙasan firij, kar ki jiƙa ta a ruwan zafi, kuma ki sani irin wannan tafi kowacce zubar da ruwa.

Yanzu ki duba tsokar ƙirjin da kyau, zaki ga gefe ɗaya tulu-tulu ne kaurinsa zai kai santimita 3, ɗaya gefen kuma ya tafi ya sirance. Garin biredi minti 2 zuwa 3 yake buƙata yayi ja a cikin mai mai zafi, shi kuma nama mai wannan kaurin sai ya haura minti 10 kafin tsakiyarsa ta dahu, to kinga dole ɗaya ya ci zalin ɗaya, ko ki tsame da wuri ciki ɗanye ko ki jira ciki ya dahu waje ya ƙone. Shi yasa ake rabawa a kuma buga. Ki kwantar da tsokar a katako, ki ɗora tafin hannunki a kai ki danne, ki shigar da wuƙa mai kaifi ta gefe a kwance ki raba ta fale biyu. Kowane fale ki sa shi cikin farar leda mai tsafta, ki ɗauki abin murza fulawa ko ƙaramar taɓarya ko ma gindin ƙaramar tukunya, ki dinga bugawa a hankali daga tsakiya kina turawa zuwa gefe, ba dukan huce haushi ba don zai yage, har sai ko'ina ya zama kauri ɗaya, wajen rabin santimita, in yayi yawa kar ya kai 1. Ƙirji biyu na babbar kaza zai baki fale 4 manya, ya ishi mutum 4 in akwai dankali da salad.

Maganar wanki. Hukumomin lafiyar abinci a Ingila da Amurka suna cewa kar a wanke ɗanyar kaza, saboda ruwan da ke fallatsa yana watsa ƙwayoyin cuta irin su salmonela a kicin. Su tasu kazar a gyare take zuwa cikin leda, mu kam tamu daga wurin fiɗa take da gashi-gashi da jini dole a wanke, sai dai kiyi shi cikin roba a nutse ba ƙarƙashin famfo yana fesawa ba, nesa da kayan ganye, kuma katako da wuƙa da hannunki su sha sabulu kafin su taɓa wani abu. Ni ma shi yasa kullum nake gama yanka kayan salad in rufe in ajiye kafin in fito da nama. Bayan wankin sai abinda mutane suka fi rainawa, tsanewa. Ki samu tishu na kicin ko tsaftataccen ƙyalle ki goge kowane fale gaba da baya har ki ji ya daina santsi. Duk ruwan da kika bari a jikin naman in ya shiga mai tururi zai zama, tururin nan kuma shi ke tura ɓawon ya rabu da nama, shine kike gani yana yawo a kasko.

Kayan ƙamshi a jikin naman ake sawa. Rabin kilo na tsoka ƙaramin cokali 1 na gishiri ya isa, in zaki sa magi to ki rage gishirin, sai garin masoro, garin tafarnuwa da ɗan garin citta, mai son kori da tayim ta sa kaɗan. Ki barshi kamar minti 30 gishirin ya ratsa. Dan Allah kar ki zuba yaji ko kori ko daƙaƙƙiyar tafarnuwa cikin garin biredi, su ne ke fara ƙonewa su bar miki ɗigo-ɗigon baƙi da ɗaci. Yajin ƙuli kam bayan an tsame ake barbaɗawa yana da zafinsa, a nan ne yake bada ma'ana. In kina da lokaci akwai dabarar da nafi so, ki jiƙa naman a kindirmo marar suga da gishirin da kayan ƙamshin na awa 2 zuwa 4 cikin firij, tsamin nonon yana sa tsokar tayi laushi sosai, amma in kin fito da shi sai kin share nonon tas, kin sake tsanewa. Ba firij ko an ɗauke wuta tun safe to ki haƙura da wannan, kar ki bar ɗanyar kaza da nono a zafin garin nan.

Sai faranti uku a jere, fulawa rabin kofi, ƙwai 2 da aka kaɗa sosai da ɗan gishiri da cokali 1 na ruwa ko madara, sai garin biredi kamar kofi 2. Kowanne da aikinsa, fulawa tana shanye ɗan danshin da ya rage ta ba ƙwai wurin kamawa, ƙwai kuma shi ke riƙe garin. Wadda ta tsallake fulawa ƙwan zai zame daga jikin naman, wadda kuma ta bar fulawa tayi dama-dama ita ma zata ga wani kauri mai danƙo a ƙarƙashin ɓawon yana ɓantarewa gaba ɗaya. Don haka in kin sa a fulawa ki ɗaga ki kakkaɓe har ya rage kamar hoda kawai, ki tsoma a ƙwai ko'ina ya samu, ki ɗaga ki bari ya gama ɗiga, sannan ki kwantar a garin biredi ki yayyafa a sama ki ɗan danna da tafin hannu. Hannu ɗaya na busassun kaya ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki zasu fi kazar shan gari. Ki jera su a tire kar ɗaya ya hau ɗaya, ki sa a firij minti 15, wannan ɗan hutun yana sa komai ya manne.

Shi kansa garin biredin akwai magana a kansa, kuma ina zargin nan ne baƙin da kike gani yake fitowa. Biredinmu na nan yawancinsa suga yayi masa yawa, ga bota, suga kuma baya jure zafin mai, nan da nan yake yin duhu. Su mutanen Turai da suka saba da wannan girkin da biredi marar zaƙi suke yin nasu. In zaki yi da kanki ki nemi biredin da bai cika zaƙi ba, wanda ya kwana biyu, ki cire bayan nan mai ja, ki yayyanka ki shanya a tire ki rufa da rariya saboda ƙuda da ƙura, lokacin hunturu yini ɗaya ya bushe ƙarau, ko ki sa a obin da wuta can ƙasa amma kar ki bari ya canza kala, fari ake so ya shiga mai. Sai ki daka a turmi sama-sama ko bilenda, kar yayi laushi kamar fulawa, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yafi ƙarau a baki. A manyan shaguna akwai wani na Japan da ake kira panko, fari ne mai faɗi-faɗi, baya shan mai sosai, in kin samu kuma aljihu ya yarda ki saya. Wasu na murƙushe konfilas, yana yin ƙaras-ƙaras ba laifi amma shi ma da sugansa, sai kin rage wuta.

Wurin suya kasko mai faɗi mai nauyin gindi yafi, man gyaɗa ya kai zurfin santimita 1 da rabi zuwa 2, yanda naman zai ɗan yi iyo bai zauna daram a ƙasan kasko ba. Nasan mai yayi tsada amma ƙarancin mai shi ke sa tsakiya ta ƙone gefe ya fito fari, kuma man ai zaki tace ki sake amfani da shi. In na gargajiya ne sabon matsa ki fara soya albasa a ciki ki kashe gafin, ki tsame ta tas. Zafin da ake so digiri 170 zuwa 180 ne, in ba ki da ma'auni ki jefa ɗan garin biredi, in ya taso nan take yana tsuwa yana kumfa a hankali to yayi, in ya nutse shiru da saura, in kuma yayi baƙi kafin ki ƙirga goma ko man na hayaƙi to ya wuce, ki sauke ya ɗan huce. Kin dai san yanda ƙosai ke shan mai in aka saka shi man bai yi zafi ba, to haka wannan ma. Wuta matsakaiciya, a gas ko risho da sauƙi, a gawayi kuma ki baza garwashin kar ya taru a tsakiya.

Fale biyu kawai a lokaci ɗaya. In kika cika kasko zafin man zai faɗi, naman ya fara fitar da ruwa, ɓawon ya jiƙe. Ki kwantar da shi ta gefen da ba zai fallatso miki ba, sannan ki ƙyale shi, kar ki taɓa kar ki leƙa ƙasa har minti 2 zuwa 3, in gefen ya fara ja ki juya sau ɗaya tak da abu mai faɗi, ba cokali mai yatsu ba don yana huda ɓawon ruwan naman ya fito. Ɗaya gefen ma haka. Masu ma'auni su duba tsakiya ta kai digiri 74, marasa shi su yanka na farkon a inda yafi kauri, in fari ne fat ruwansa garai babu ja to ya dahu, sauran sai ki bi wannan lokacin. Kafin ki saka zubi na gaba ki kwashe ɓurɓushin da ya zauna a mai, shi ne ke ƙonewa ya manne wa na baya.

Wannan girkin asalinsa na Turai ne, mutanen Biyana a Ostiriya sunfi kowa suna da shi, can da naman ɗan maraƙi ake na ainihin, na kazan daga baya ya yaɗu, Italiya ma suna da nasu na Milan, haka Ajantina da Japan. Abinda yasa na kawo shi, su mutanen Biyana da tataccen man shanu suke soya nasu, wanda kusan shine soyayyen man shanunmu da ake zubawa a tuwo. Ki gwada zuba cokali 2 a cikin man gyaɗan, ƙamshin sai maƙota sun tambaya. Su basa danna garin kuma basa barinsa ya huta, suna jujjuya kaskon man na hawa kan naman don ɓawon ya kumbura ya ɗan tashi, amma wannan sai hannu ya faɗa, ke yanzu ki fara samun wanda ya manne tukun.

In kin tsame kar ki tara su kan juna, ki jera a ragar waya ko ki jingina su a gwagwa iska na shiga ta ƙasa, ki barbaɗa ɗan gishiri ko yajin. Kuma ga inda nake roƙonki, kar ki sa a kula. Nasan mun saba abincin maigida a kula yake jiransa, amma wannan in kika rufe shi tururinsa zai dawo masa, cikin minti 10 duk wahalar da kika sha ta tashi a banza ya zama laɓo-laɓo. Ki gama shafa garin ki ajiye a firij, in kinji ƙarar buɗe get ki ɗora mai, kafin ya watsa ruwa ya zauna kin gama.

Toh sai salad. Ni ra'ayina, kuma nasan wasu ba zasu yarda ba, irin haɗaɗɗen salad ɗin biki mai wake na gwangwani da dafaffen ƙwai da taliya da bama himili bai dace da wannan ba. Naman soyayye ne da mai da ƙwai da biredi, in kika ƙara masa wani maiƙon a gefe loma kaɗan mutum zai ji ya gundure. Abinda yake so mai ɗan tsami ne mai sanyi da zai wanke baki, shi yasa a can Biyana ko'ina zaki ga yankan lemon tsami a gefen faranti, mutanen Japan kuma ɗanyen kabeji kawai suke yankawa siriri sosai su tara a gefe.

Ruwan da kabejinki ke fitarwa gishiri da sugan da ke cikin bama ne ke janyo shi daga cikin ganyen, to sai ki riga su. Rabin ƙullin kabeji, ki cire ganyen waje ki wanke sosai da ruwa mai tsafta, don wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake musu ban ruwa, ki yanka siriri iya yinki, ki barbaɗa ƙaramin cokali 1 na gishiri ki cakuɗa ki zuba a gwagwa minti 20 zuwa 30. Zaki sha mamakin ruwan da zai ɗiga. Ki ɗauraye sama-sama ki matse da hannu ko cikin ƙyalle mai tsafta, ki goga karas 2 a kai, sai bama cokali 2, kindirmo ko yogot marar zaƙi cokali 2, ruwan lemon tsami rabi, ɗan suga kaɗan da masoro. Wannan ko ya yi awanni a firij ba zai kwanta ba. Kokwamba ma haka ake mata, a yanka fale-fale a sa gishiri a matse, sai binega ko lemon tsami da ɗan mai da albasa, shikenan. In kuma sauri kike, tumatir da albasa da koren tattasai irin na mai tsire da matsin lemon tsami ya wadatar, sai dai shi gishirinsa sai za'a ci.

Amma wanda nafi so ki koya shine na dankalin turawa marar bama, irin wanda ake ci da shi a Biyana. Dankali rabin kilo, ki zaɓi ƙanana masu ƙarfi irin na Jos, ki dafa da ɓawonsu a ruwan gishiri har wuƙa ta shiga amma basu fashe ba, ki ɓare tun da ɗuminsu ki yanka fale-fale. Ƙashin kazan nan da nace ki taho da shi ki dafa, ki tace romon rabin kofi yana da zafi, ki zuba binega cokali 2, mastad ƙaramin cokali 1 in kina da shi, gishiri, ɗan suga, da albasa yankakkiya ƙanana, ki juye kan dankalin yana da ɗumi, don da ɗumi yake shan romo in ya huce ba zai sha ba. Bayan minti 10 ki zuba mai cokali 3 ki juya a hankali, wasu zasu ɗan farfashe su ba romon kauri, haka ake so. Ki barshi minti 30, ki yanka lawashi a kai. Ba'a sa shi yayi sanyi ƙarara, da ɗan ɗuminsa yafi daɗi, kuma shi zaki fara ɗorawa kafin komai tunda yafi kowa son jira.

Duk mai bama ko nono kar ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafi irin na Maris da Afrilu ma awa 1 ne. In naman ya rage ki sa a firij in ya huce, gobe ki ɗumama a obin ko busasshen kasko da wuta kaɗan, ki yanka cikin biredi da sauran kabejin yara su tafi da shi makaranta. In kuma wutarku na zama, zaki iya shafa garin da yawa ki jera a tire su daskare a firiza sannan ki zuba a leda, ranar da kike so daga firiza sai cikin mai kai tsaye ba sai ya saki ba, ki dai rage wuta kaɗan ki ƙara minti 1 ko 2 a kowane gefe, kuma ki yanka ɗaya ki duba ciki kafin ki kai tebur. Ki gwada ki faɗa min yanda ya fito, Allah ya bada sa'a.